Ruwan Toka a Ƙofar Kaka

"...Lafiya lau. Gajiya ma da sauƙi. Ka gama gaisuwar ko da saura? Don na ga bakinka ne kawai ke gaishe ni, idonka yana kan ƙofata."

Kaka ce ta faɗi haka da hantsin Asabar, tana zaune a kujerar roba a ƙofar gidanta, ta sha mur. Wanda ke tsaye a gabanta jikanta ne, ɗan babban ɗanta, magidanci mai 'ya'ya biyu, sanye da farar riga da ta sha guga, ga fayil a hammata. Tun ranar da aka zaɓe shi sakataren ƙungiyar masu gidaje ta rukuninsu ta daina kiransa da sunan yanka. Sakatare take ce masa, da wata irin murya da ke mai da kalmar zagi.

Rigimar duk a kan ƙofa ce. Ƙungiya ta zauna, ta rasa abin yi, ta yanke cewa ƙofofin gidajen rukunin su zama launi ɗaya, wai don baƙo in ya shigo ya ga tsari. Gida arba'in da ɗaya sun bi. Na Kaka kaɗai ya rage kore a tsakiyar layi. Marigayi mijinta, Mai Walda, shi ya yanka ƙarfen ƙofar nan ya ƙera ta da hannunsa, kuma fentin da ke kanta shi ne aikin ƙarshe da ya yi kafin ciwo ya kwantar da shi, shekara bakwai ke nan. Yau wa'adi ya cika. Ƙarfe goma sha ɗaya mai fentin ƙungiya zai zo ya shafe ta, ta yarda ko ba ta yarda ba, sannan a ɗora mata kuɗin aiki da tara. Ita kuwa ta rantse burushin wani ƙato ba zai hau kan na mijinta ba muddin tana numfashi.

Sakatare ya daɗe yana kallon ƙofar. Daga tsakiyarta zuwa ƙasa ta yi furu-furu, dabbare-dabbare, kamar ƙafar wanda ya yi wanka bai shafa mai ba.

"Tsohuwa, mene ne wannan?"

"Tsohuwa tana gidanku."

"Gidanmu ai nan ne, kuma ga ta ina kallo. Na ce me kika yi wa ƙofa?"

"Doka na bi."

"Wace dokar?"

"Taku mana. Ta ƙungiyar marasa aikin yi."

Ta kwance bakin zani ta zaro wata takarda da aka ninke har sau huɗu. Takardun ƙungiya da Turanci suke zuwa, shi ya sa Sakatare yake zama ya juya mata su da Hausa da hannunsa. Ta miƙa masa.

"Rubutun wane ne wannan?"

"Nawa ne."

"Karanta. Ka ɗaga murya, ka san kunnena abin da ya ga dama yake ji."

Ya karanta cikin ƙosawa: "Kowane mai gida ya shafa wa ƙofarsa ruwan toka kafin ranar Asabar."

"Sake."

"Ya shafa wa ƙofarsa ruwan..." Sai ya tsaya. Ya dubi takarda, ya dubi ƙofa, ya sake duban takarda.

"Yauwa," in ji Kaka. "To na shafa."

Ta shafa ɗin kuwa, ba ƙarya. Tokar kurfotinta ta tara, ta zuba a gwangwani mai huji a gindi, ta kwarara ruwa ya riƙa ɗiga a kwano, irin yadda kowace mai girki ta san ana yi. Kwana uku tana bin ƙofar da tsumma safe da yamma, har da ɗan dama toka a ciki don ya yi kauri ya kama. Ta san sarai abin da suke nufi. Amma tunda su masu takarda ne, ta ga gara ta riƙe su da takardarsu.

"Launi ake nufi!" Sakatare ya daka tsawa. "Launi! Fenti mai launin ruwan toka! Wane mahaukaci ne zai ce ki shafa wa ƙarfe abin miya?"

"Wanda ya rubuta. Nuna min fenti a takardar nan. Nuna min launi. Ni ban yi boko ba, amma na kai wa mai gadi ya karanta min, na kai wa malamar makarantar nan ta gida na tara ita ma ta karanta. Babu fenti, babu launi, sai ruwa sai toka."

"Kin kai wa malama? Shi ke nan, duk rukunin nan ya ji."

"Har ta ce in bar mata ta nuna wa 'yan ajinta, su ga yadda ba a rubutu."

"Wallahi ke ba tsufa ke damunki ba, neman fitina ne."

"Ubanka ne mai neman fitina."

"Ɗanki ne dai. A nono ya sha."

"Da na san zai haifo irinka da na yaye shi tun yana wata biyu. Dube ka. Shekara goma sha shida ana biya maka makaranta, kalma ɗaya ta gagare ka. Kuɗin nan da awaki aka saya da yanzu ina shan madara."

"Awaki a ina? Dokar ƙungiya ta hana kiwo."

Ai kuwa kamar ya taɓa mata gyambo. Ta gyara zama, kujerar roba ta yi ƙara.

"Ka tuna min! Kajina bakwai, kun sa na rabar da su kamar kayan gadon wanda bai bar magaji ba."

"Kajinki sun tone furannin gida na biyar ƙarƙaf."

"Fure ci ake yi? Mutum ya sami ƙasa mai kyau ya rasa abin shukawa sai abin kallo, kaji sun taimake shi da shawara."

"Zakaranki kuma tun kafin asuba yake tada mutane."

"Sai ku rubuta masa takarda shi ma. Kai za ka juya masa da Hausa, ka ga ƙarshenta ya fara haushi."

"Tsohuwa, ki ji tsoron Allah."

"Ku ne za ku ji. Kuɗin gadi ina biya, mai gadin in ya fara minshari har nan nake jiyowa, ni nake gadinsa. Kuɗin shara ina biya, motar sai ta ga dama take zuwa, kamar suruka mai fushi. Kuɗin fitilar titi ina biya, ga fitilar nan a kanka, ɗaga kai ka gani, rabonta da haske tun matarka na da cikin fari. Na shanya zanina a katangata, katangar da mijina ya biya, an ce tara. Ciyawar gaban gida ta ɗan ɗago kai, Ciyaman ɗinku ya zo da abin awo ya tsuguna yana gwada ta. Namiji da gemu, yana auna ciyawa! Asabar ɗin ƙarshen wata kuma a ce kowa ya fito yasar kwata, ni da gwiwar nan."

"Yaushe kika taɓa fitowa? Ni nake yasar taki in yashe tawa."

"To me amfanin miji? Ka aure ni don ka riƙa kawo min sammaci ne?"

"Na sake ki tun ranar da kika miƙe a taro kika kira ni jakar hannun Ciyaman."

"Saki nawa?"

"Uku. Da ɗaya na ajiya, ko za ki dawo da wata rigimar."

"Alhamdu lillahi, na huta da miji mai fayil. Wanda ya riga ka guduma yake riƙewa. In ya buga ƙarfe, layin nan kaf sai ya amsa. Kai kuwa me kake bugawa? Hatimi."

"Ai na sani. Shekara bakwai mutum yana kwance a kabari, har yau shi ke da ƙofa shi ke da gida, ni mai rai ko kujera ba a ba ni."

"Kishi kake da mamaci? Kai, amma ka lalace."

"Ba kishi ba ne, gaskiya ce. Da a ce ni na shafa koren nan da tuni kin kankare shi da cokali."

"Da cokali? Da haƙori zan kankare."

"Waɗanne haƙoran? Guda huɗun?"

"Su huɗun sun ishe ni in cije ka."

Wata mota ta wuce a hankali, mai tuƙin ya sauke gilashi ya leƙo yana kallon ƙofar, ya yi murmushi ya ɗaga wa Sakatare hannu. Nan fa fuskar Sakatare ta sauya. Wasan ya fita daga muryarsa, ya matso kusa ya rage sauti, amma da gani ransa a ɓace yake.

"Kin ga abin da kike jawo min? Duk taron da aka yi sai wani ya miƙe ya ce, Sakatare, ka fara da gidan kakarka. Makon jiya na ci ma'aikaciyar jinyar nan tara saboda ta bar kwandon shara a waje, matar da ta kwana a tsaye a kan marasa lafiya. Ta biya, sai dai ta juya ta kalli ƙofar nan, ta kalle ni. Da wane ido zan sake buga mata ƙofa? Doka in ba ta hau kan kowa ba ai zalunci ce."

"To ku sauke ta daga kan kowa mana. Wa ya aike ku? Mu ne na uku da muka tare a rukunin nan, babu ƙungiya babu Ciyaman, kowa ya share gabansa, muka zauna lafiya. Yau an wayi gari launin ƙofata ya hana wani barci. Ciwo yake sa musu? Ya tare wa wani hanya?"

"An yi ƙuri'a, Kaka. Talatin da takwas suka ɗaga hannu."

"Hannunsu ne ya ƙera ta?"

"Ba a nan take ba."

"A nan take! Ka ce musu ƙarfe goma sha ɗaya ina nan zaune. Mai fentin ya fara da ni, ya shafe ni ruwan tokar tun daga goshi, sannan ya wuce kan ƙofa."

"Ke ai ba kya buƙata, kanki ya riga ya bi doka."

"Ka ci gidanku!"

"Na ji. Amma wannan wasan yaran da kika yi ba zai tsayar da kowa ba. Toka ce fa. Yayyafi ɗaya zai wanke ta. Duba ki gani."

Ya sa babban yatsa ya dangwala a ƙofar, ya ja ƙasa da ƙarfi don ya nuna mata. Tokar ta tafi. Sai dai ba ita kaɗai ta tafi ba. Koren fentin ya biyo yatsan, ya naɗe kamar ɓawon tumatir da aka tsoma a ruwan zafi, ƙarfe ya bayyana tsirara a ƙasansa.



Kaka ta miƙe, ba ta ma tuna da gwiwa ba. Ta kai hannu ta taɓa gefen wurin a hankali, nan ma fentin ya motsa, ya yi laushi tuɓus. Ita da ta san ruwan toka yana narkar da wake mai taurin kai a tukunya, ita da yatsunta suka kwana uku suna raɗaɗi saboda shi, ko sau ɗaya ba ta kawo wa ranta zai ci tsohon fenti ba. Abin da ta hana ƙungiya yi, ga shi ta yi da hannunta, safe da yamma, har tana jin daɗin wayonta.

Da yake ba ta iya kuka a gaban mutane ba, sai ta juye shi faɗa.

"Kai ka jawo! Kai da rubutunka na tsiya! Da ka sa fenti a takardar nan..."

"Da na sa fenti da kin shafa?"

"Da ban shafa komai ba! Da yanzu tana nan yadda ya bar ta!"

Muryarta ta karye a kan kalmar ƙarshe. Sakatare ya jefar da fayil a kan kujera, ya faɗa cikin gida da gudu, ya jawo tiyon da take ba shukokinta ruwa, ya buɗe famfo. Ya toshe bakin tiyon da yatsa don ruwan ya fito a hankali, ya fara wanke ƙofar daga sama zuwa ƙasa. Ruwa mai toka ya fallatsar masa a farar riga, ya jiƙa takalmansa, ya gangara ya malale kan kwalta.

Kaka ta share ido da bakin mayafi, ta ja hanci.

"Doka ta goma sha biyu," ta ce. "Ba a malalo ruwa a titi."

"Ki kai ƙara wurin sakatare."

"Wawa ne, ba ya jin Hausa."

"To ki yi min shiru in yi aiki."

Rabin ƙofar na ƙasa ya riga ya tafi. Duk inda ruwa ya bi sai fentin ya saɓule ya faɗo guntu-guntu, Kaka tana kallo tana cije leɓe. Amma da ya kashe famfo suka ja da baya, sai ga rabin sama yana nan garau, ya sha wanka yana ƙyalli. Iyakar inda hannunta ya kai, nan ɓarnar ta tsaya.

"Ki gode wa Allah da Ya yi ki guntuwa," in ji Sakatare. "Da kin kai tsawon mutane da babu abin da zai rage."

"Guntuwar ce ta goya ubanka, har da kai."

"Shi ya sa ƙafafuna suka riƙa jan ƙasa."

Ya matsa kusa yana duba saman. Ana ganin sawun burushi, layi-layi, daga dama zuwa hagu, don marigayin bahago ne. A wani wuri har da silin gashin burushi guda ɗaya da ya maƙale ya bushe a cikin fentin. Sakatare ya daɗe a wurin.

"Ni na kai shi asibiti washegari," ya ce, ba tare da ya juyo ba. "Da koren nan a farcensa. Likita yana duba shi, shi kuwa yana ce min in gaya miki kada kowa ya jingina da ƙofa, ba ta bushe ba."

"Ka gaya min," in ji Kaka. "Kuma kai ne ka fara jingina."

Ƙarar babur ta katse su. Mai fentin ƙungiya ne, dattijo mai hula duk ɗigon fenti, da bokiti ɗaure a bayan babur. Ya gaishe da Kaka, ta amsa masa da harara. Ya fara kwance igiya.

"Bar shi a ɗaure," in ji Sakatare. "Yau babu aiki."

"Ciyaman ya ce ƙarfe goma sha ɗaya."

"Takardar da aka ba ta akwai kuskure a ciki. Dokarmu ta ce in sanarwa ta zo da kuskure sai an sake rubutawa, a sake ba mutum kwana talatin. Ka gaya wa Ciyaman laifin sakatare ne. Kuɗin man babur ɗinka kuma ka same ni a gida."

Mai fenti ya dubi rigar Sakatare da ke ɗigar ruwa, ya dubi ƙofa, ya ga wannan ba rigimar da zai sa baki ba ce. Ya tada babur ya tafi.

Kaka ta bi shi da kallo har ya sha kwana, sannan ta juyo.

"Bayan kwana talatin fa?"

"Sai in sake kuskure. Hausa ai faɗi gare ta. Wata mai zuwa in rubuta ruwan madara, na gaba ruwan hoda. Amma wallahi kika sake shafa wa ƙofar nan wani abu, da hannuna zan kai ki gidan tsofaffi."

"Za su tsige ka."

"Su tsige. Na gaji da auna ciyawa."

"Au, har da kai ake aunawa?"

"Ni nake riƙe littafi."

"Kai, Allah wadaran boko."

Ta shige gida ta bar shi tsaye yana matse gefen riga. Ta ɗan jima, har ya fara tunanin ko fushi ta yi. Sai ga ta ta fito rungume da wani ƙaramin gwangwanin fenti, ya yi tsatsa a baki, abin da ya rage a ciki ya daskare kamar dutse. A ƙarƙashin gadonta yake tun ranar da aka ajiye burushi, ko mai share mata ɗaki ba ta yarda ta taɓa shi.

"Ungo. Ka kai shago su haɗa maka irinsa sak, kada su ba ka mai kama da shi. Daga nan zuwa ƙasa kai za ka shafa, da hannunka, ban yarda da na haya ba. Daga nan zuwa sama kuma ko ƙuda ka gani ka bar shi, kada ka taɓa."

"Ni? Sakataren ƙungiya, a tsakiyar layi, da rana tsaka, in tsuguna ina shafa wa ƙofa abin da na hana mutum arba'in?"

"Da can da kake hanawa kunya ta kama ka?"

"To in Ciyaman ya zo ya tsaya a kaina, ya ce Sakatare wane launi ne wannan, in ce masa me?"

"Ka ce masa kore. In bai gane ba ka kira ni in kore shi."

Dariyar da yake dannewa tun ɗazu ta ƙwace masa, har ya dafa katanga. "Na sallama, tsohuwa. Kin ci."

"Riƙe da kyau," ta ce, ita ba ta yi dariyar ba. "Shi kaɗai ne."

Ya goge tafukansa a jiƙaƙƙiyar rigar, ya karɓi gwangwanin da hannu biyu.